Wushiryar da Inna ta so

Ƙarfe bakwai da kwata na safe, ranar Laraba, mu huɗu ne a tsakar gidanmu na unguwar Gobarau: ni, da matata, da mahaifiyata da muke kira Inna, da babbar ɗiyata mai shekara goma sha ɗaya. Yarinyar na kwance kan tabarma, kanta bisa cinyar uwarta. Ina riƙe da tocila a hannun hagu, ɗan makulli a dama. Na ce ta buɗe baki. Ta ƙi.

Bari in koma baya kaɗan, don a gane abin da muke ciki. Shekara guda ke nan da sojoji suka miƙa mulki, ina aikin sito a wata ma'aikata ta jiha. Yarinyar nan ganɗarta ta yi ƙunci, haƙoran sama suna faɗawa cikin na ƙasa, ba ta iya tauna sai da gefe ɗaya. Daga asibitin garinmu aka tura mu Kano, wurin likitan gyaran haƙori. Ya maƙala mata wani ƙarfe a ganɗa, mai riƙe da turamen haƙori biyu dama da hagu, da ɗan noti a tsakiya. Ana sa makulli a ramin notin a tura baya, sai ƙarfen ya buɗe kaɗan, yana faɗaɗa ƙashin.

Dokoki uku ya ba ni. Na farko, murɗi ɗaya a rana. Na biyu, kwana ashirin da ɗaya, sannan a tsaya cak. Na uku, haƙoran gaba za su rabu, kada mu tsorata, za su haɗe da kansu daga baya. Na ja layi ashirin da ɗaya a kwali, na kafa a bango. Kullum kafin in fita aiki nakan murɗa, in soke layi ɗaya. Ya zuwa safiyar nan, layi goma sha ɗaya na riga na soke.

Da na matsa mata, ta buɗe bakin tana hawaye. Na haska. Dasashin gefen dama ya kumbura, ya yi jajir, ƙarfen ya nutse a cikinsa. Ratar da ke tsakanin haƙoran gaba, wadda makon jiya tsinken ashana ke shiga da ƙyar, yanzu biyu za su wuce. Ta ce kanta na sara, karan hancinta kamar ana ja. Kokon da aka dama mata yana gefe, bai taɓu ba.

Na ajiye makullin. Na ce, "Wa ya taɓa ƙarfen nan?"

Na dubi matata, ta sunkuyar da kai.

"Tambaya nake."

"Malam," in ji ta, "makullin biyu ne likita ya bayar. Ɗaya ya miƙa mani kana biyan kuɗin kati, ya ce ko naka zai ɓace."

"Yana ina?"

Sai Inna ta ajiye carbinta.

"Ka bar zare wa 'yar mutane ido. Yana wurina. Ni na karɓa."

Ban taɓa ɗaga wa Inna murya ba, kuma ranar ma ban ɗaga ba. Na durƙusa gabanta na ce, "Inna, kin murɗa?"

"Na murɗa. Mi ya yi zafi? Kai kullum ɗan kaɗan kake murɗawa, kamar mai ɗura wa jinjiri magani. Ka ce wai wushiryar za ta toshe. Uwata wushirya gare ta, har daga Batagarawa ake zuwa ganin dariyarta, kuma duk zuri'ar nan ba wanda ya gado. Allah ya kawo ta bakin ƙawata, sai in zuba ido ta tafi? Na ce a buɗe ta da kyau, ko ta koma, wani abu ya rage."

"Sau nawa, Inna?"

"Bayan azahar da bayan la'asar."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da aka kawo geron gona."

Alhamis aka kawo geron. Kwana shida, sau biyu-biyu, sha biyu. Na haɗa da nawa sha ɗaya: ashirin da uku. Abin da aka ce a yi cikin mako uku, an yi shi har an zarce cikin kwana goma sha ɗaya. Na dubi yarinyar na ce me ya hana ta faɗa. Ta ce, cikin maganar da ƙarfen ya lauye, "Inna ta ce zan yi kyau."

A lokacin wayar hannu ba ta zo ba. Na hau babur zuwa ofis, na roƙi maigidana ya bar ni in buga ta teburinsa. Sai a bugu na biyar layin Kano ya shiga. Likita ya ce kada kowa ya sake taɓawa, in kawo ta gobe da farar safiya.

Matsalar ita ce makulli na biyu na ƙulle a bakin zanen Inna, ga azahar na tafe. Ban iya cewa ta ba ni ba. Na nemi izini na dawo gida, na ɗauki yarinyar na kai ta gidan ƙanwata, na ce ta kwana can don kusa da tasha. Inna ta gane. Ba ta amsa gaisuwata ta magariba ba.

A Kano likita ya daɗe yana dubawa, ya ɗauki hoto, ya sake dubawa. Ya ce turmi ɗaya ya fara karkata waje, saiwarsa na gab da fita daga ƙashi. Ya ce da an ƙara kwana biyu a haka, da wata maganar ake. Sannan ya cire tabarau.

"Malam, wa ke riƙe da makulli?"

"Ni ne."

"Kai da ka rubuta dokokina a takarda a gabana? Ka iya ƙirga kuwa?"

"Na iya. Kuskure ne."

Ya yi mani faɗa a gaban nas da ɗiyata, na tsaya na shanye. Ya mayar da notin baya sau huɗu, sannan ya zura siririyar waya a ramin ya ɗaure, yadda makulli ba zai sake shiga ba. Ya ce wata shida ƙarfen zai zauna haka.

Haƙorin ya tsira. Ratar ta dinga matsewa, kafin wata uku ta haɗe sarai. Inna takan kama haɓar yarinyar ta duba, ta saki. Ban taɓa gaya mata abin da likita ya gani a hoto ba, kuma nan ne na yi laifi, don har ta rasu tana ganin rowa na yi wa jikarta.

Don haka ina roƙon duk wanda za a sa wa ɗansa irin wannan ƙarfe: ranar da za a sa, ka tafi da tsohuwar gidanku, ka zaunar da ita gaban likita, ta yi duk tambayoyinta, ta ji amsa daga bakinsa.