Safiyar da Antin Bene Ta Ɓalle Ƙofa

Duk wadda ta zauna a gidan kwanan 'yan mata na jami'ar nan ta san Antin Bene. Kada sunan ya ruɗe ku, ba wata babba ba ce. Ɗaliba ce kamar kowa, 'yar ajin ƙarshe, siririya, mai tabarau da aka ɗaure ƙafarsa da zare. Amma tun da makaranta ta ɗauke ta aikin kula da ɗalibai, aka ba ta ɗan ɗaki kyauta a bakin matakala, sunanta na yanka ya ɓace. Har masu shara Anti suke ce mata.

A gida ma haka ta taso. Ita ce 'yar fari, mahaifinsu ya rasu ƙannenta suna ƙanana, Umma kuma tana fita aikin wanki a wani asibiti. Goyo, wanka, rabon faɗa, kai wannan makaranta, lallashin wancan, duk a kanta. Kafin ta iya karatu ta iya bambance kukan yunwa da kukan rigima. Shi ya sa ranar da Madam ta ofishin gidajen kwana ta tambaye ta ko za ta iya da 'yan mata, sai da dariya ta kusa ƙwace mata. Ɗakin ne ya ja ta. Ba don shi ba da tuni ta haƙura da jami'ar, don Umma ba ta da halin kama mata wuri.

A ƙa'ida kowane bene da mai kula da shi. To, sai masu tsara gidajen kwana suka zauna a ofis mai sanyi, suka ƙara gadaje a kowane ɗaki, suka kuma rage masu kula, wai ai yaran sun girma. Sun girma? Allah ya kyauta! Ginin gaba ɗaya aka jibga mata ita kaɗai. Da ta buɗe littafi sai ka ji ƙwan-ƙwan-ƙwan. "Anti, an ɗauke min bokiti." "Anti, wannan munsharinta ya hana ni barci." "Anti, ki zo ki ga abin da aka yi a banɗaki." Ita kuma baiwar Allah bakinta bai san a'a ba. Za ta yi tsaki, ta ce wallahi sun ishe ta, amma kafin ta rufe baki ta riga ta sa takalmi.

Karatun ne ya biya kuɗin wannan hali. Akwai wani darasin ƙididdiga da ta faɗi, ta sake, ta kuma faɗi. Dokar makaranta ba ta da kunya: wanda ya faɗi a karo na uku, ko ya ƙi zuwa, an sallame shi. In aka sallame ta kuwa, ba digiri, ba aiki, ba ɗaki. Wannan jarrabawa ita kaɗai ta rage tsakaninta da takardar da Umma ke jira. A wannan karon ta dage. Har takarda ta manna a ƙofa cewa tana karatu, 'yan mata suka riƙa karantawa sannan su ƙwanƙwasa a hankali.

A bene na sama akwai wata 'yar ajin farko da ake kira Shiru-Shiru. Da farko kowa ya ɗauka kunya ce. Sai ta daina zuwa aji, ta rataya zani ta kewaye gadonta, abincin da aka ajiye mata ya riƙa kwana a rufe. Anti ta je ofis ta ce yarinyar nan ba lafiya ba, a nemo mai duba ta ko a kira iyayenta. Madam ta ce, ba tare da ta ɗago kai ba, "Ba mu da ma'aikata. Ki riƙa sa ido." Ta kuwa sa ido. Takan zauna a gefen gadon da littafinta a cinya, tana yi wa zani hira, wani lokaci a amsa, wani lokaci a ƙyale ta.

Safiyar jarrabawa ta shirya da wuri. Ta ɗauki katinta da biro, ta kulle ɗaki, ta sauko. Tana tsakiyar matakala sai ga 'yan ɗakin Shiru-Shiru a guje, ɗaya da kumfar sabulu a hannu.

"Anti, ta kulle kanta! Mun fita wanka ta sa sakata. Ga saƙon da ta turo mana, wai mu yafe mata."

Anti ta tsaya cak. Gaskiya ita ce ba ta so ta juya ba. Ranta ya ɓaci, har ta ji haushin yarinyar, ta ce a zuciyarta, duk ranakun duniya sai yau? Ta kira Madam, waya a kashe. Ta aika wurin maigadi, ya ce shi namiji ba ya shiga sai da izini daga sama. Kafintan makaranta mai gyaran ƙofofi bai iso aiki ba. Ta duba hagu ta duba dama, babu babba ko ɗaya a ginin nan sai ita.

Ta hau. Ta manna baki a jikin ƙofa. "Ƙanwata, ni ce. Buɗe min mu yi magana." Shiru. Wayarta tana ta ruri a jaka, wata ƙawarta ce ke turo saƙo cewa an fara shiga, ina take? Ta buga ƙofar da tafin hannu har ya yi ja. Sai ta ji wani abu ya faɗi a ciki, kamar an saki buhu.

Daga nan ba ta ƙara tunanin komai ba. Ta fizgo ƙarfen wani karyayyen gado da aka jingine a lungu, ita da wata dattijuwa mai shara suka cusa shi a bakin sakata suka danna da ƙarfinsu duka. Katako ya tsage. Yarinyar tana kwance a ƙasa, kwalbar magani babu komai a gefenta, amma da sauran numfashi. Suka naɗe ta a bargo suka yi asibitin makaranta da ita. A hanya ta farfaɗo kaɗan ta damƙe hannun Anti, ba ta kuma saki ba sai da likita ya ce ta tsallake.

Da Anti ta isa zauren jarrabawa, gumi sharkaf, tabarau a karkace, malami yana ɗaure takardu. Ya saurare ta da tausayi, ya ce ta rubuta koke.

Washegari mahaifin yarinyar ya zo. Dattijo ne kamili, idonsa jawur. Ya yi mata godiya sosai, sannan ya ce, "'Yata, ki rufa mana asiri. Kada sunanta ya shiga takarda. In ta warke ina so ta dawo ta iya ɗaga kai." Me za ta ce wa mutumin da ya kusa binne 'yarsa? Ta ce to. Madam kuwa, da ta san an taɓa kai mata ƙorafi ta yi biris, sai ta ba da rahoton cewa sakata ce ta cije aka ɓalle. Sakata! Kai, mutane ba sa tsoron Allah.

Haka koken ya je gaban kwamiti ba suna, ba shaida. Suka ce ita ba ta yi ciwo ba, ba a yi mata rasuwa ba, gyaran ƙofa kuma ba uzuri ba ne. Aka sallame ta, aka ce ta mayar da makullin ɗaki kafin ƙarshen mako.

Da la'asar ta zauna a kan katifar da ta cire wa zanin gado, kayanta a ɗaure, ta kira Umma. Ta faɗa mata komai, ba ta rage ko ɗaya ba. Da ta gama, sai Umma ta tambaya:

"Ita yarinyar tana da rai?"

"Tana da rai, Umma."

"To alhamdulillahi. Kin yi daidai, kin ji? Ko ni ce haka zan yi. Ki taho gida, ba komai. Allah ya yi miki albarka."

Muryar ba ta ko girgiza ba. Anti ta ji wani sanyi ya sauka a ƙirjinta, ta buɗe baki za ta ce amin, sai ta ji ƙarar an ajiye waya a kan tebur. Umma ta zaci ta kashe. Can sai ga wani irin kuka mai fitowa daga ciki, kukan da Anti ba ta ji ba ko ranar da aka fita da gawar mahaifinsu. Ta ji autarsu tana tambaya, "Umma, mene ne?" Ta ji Umma tana cewa, "Yi shiru, kada ki faɗa wa yayarki."

Anti ta toshe bakinta da hannu don kada a ji numfashinta. Ta kasa kashe wayar.