Ranar da hedimasta ya kama ni da littafi a juye

Yau jikata ta miƙo mini littafi in karanta mata, sai dariya ta kuɓuce mini!

Farkon shekarun sittin, kullum Babanmu ya taso daga masaƙa a Bompai sai ya zaunar da ni gabansa ya karanta mini littafi ɗaya tal, har na haddace.

Ranar da aka sa ni makaranta na ga irinsa, na ɗauka na zuba kamar rediyo. Malam ya ruga ya kirawo hedimasta.

Hedimasta ya leƙo. "'Yata, ai a juye kika riƙe shi!"

"Malam, haka nake ganinsa a hannun Baba."

Ya yi dariya har da ƙwalla, ya ce, "Kunne ya gama aikinsa, saura ido."

Kafin damina na iya karatun gaske.

Ku fa, wa ya fara karanta muku?