Furen da Herminia Ta Share

A unguwar bayan coci ta garin Santa Inés, babu wanda ya tashi bai san ɗanɗanon kabewar Doña Herminia ba. Tun tana budurwa take dafa ta da mazarƙwaila da kirfa a tukunyar tagulla, har ta yi duhu ta yi danƙo, sannan ta ɗora a faranti ta zauna da ita a bakin kasuwa. Da wannan tukunya ta haɗa kayan ɗakinta lokacin da ta auri Don Evaristo kafinta, da ita ta raini 'ya'yanta har suka watse neman abinci, da ita kuma ta yi jinyar mahaifiyarta, Doña Brígida, tsawon shekarun da ƙafafun tsohuwar suka daina ɗaukarta. Mace ce mai tsabta da cika alkawari, ba ta da yawan magana, sai fa in an ambaci ƙanwarta Casilda.

Ita Casilda tun da ƙuruciya ta bi miji zuwa Arewa, wata ƙasa ƙetaren iyaka, ta yi zamanta. Sai waya ranar Lahadi, sai kwalin tsaraba a ƙarshen shekara. Duk da haka ita ce 'yar lelen tsohuwa. Herminia tana juya uwar a gado, tana shafa mata mai a baya, uwar tana tambaya ko Casilda ta bugo. Ranar da rai ya yi halinsa ma sunan da ke bakinta ke nan. Herminia ta ji da kunnenta, ta haɗiye, ba ta gaya wa kowa ba, har mijinta.

Abin da ya rage mata na huce haushi shi ne bikin matattu. Ranar ɗaya ga Nuwamba, da zarar ƙararrawar coci ta buga ta yamma, yaran unguwa sukan fito ƙungiya-ƙungiya, kowa da dumansa da aka rarake aka yanka wa ido da baki, kyandir na ci a ciki, na gaba yana kaɗa 'yar ƙararrawa. Gidan da aka shimfiɗa wa hanyar fure mai ruwan ɗorawa daga bakin titi zuwa ƙofa, shi suke shiga; wanda babu fure su wuce, ko da ƙofarsa a buɗe take. In sun shiga sukan durƙusa gaban teburin da aka jera wa mamata abinci da kyandirori, su yi addu'a da sunan mamacin gidan, sannan a ba su rabonsu. Mutanenmu sun yarda cewa mamaci furen nan yake bi ya zo gida, kuma inda addu'ar yara ta fi yawa, nan yake zama har gari ya waye. A wannan rana falon Herminia yakan cika ya batse. Kowane yaro ya fita da yankin kabewa a ɓawon masara, da gwaba, da guntun rake, ita kuwa ta tsaya gefen ɗan ƙaramin hoton uwarta tana jin cewa ko ba komai, yau dai tsohuwa tata ce ita kaɗai.

Ana haka mijin Casilda ya rasu, ta tattaro ta dawo gida, ta gina bene a tsallaken titi, daidai kwanar da yara ke fara biyowa in sun taso daga coci.

Shekarar farko abin bai dami Herminia sosai ba. Casilda ta manta yadda ake yi. Kujera ta sa a bakin ƙofa tana zuba wa yara cakulan mai takarda mai ƙyalli a dumansu, ba fure, ba tebur, ba addu'a. Herminia ta leƙa ta taga, ta gaya wa mijinta cewa wannan ba sadaka ba ce, watsa wa kaji hatsi ne. Don Evaristo, wanda ya riga ya sa guda biyu a aljihu, ya ce ai kajin ba su yi ƙorafi ba.

Shekara ta biyu ce ta zo da abin da ba ta zata ba. Tun watan Oktoba Casilda ta shigo da ladabinta, ta roƙi aron hoton uwarsu na kwana ɗaya. Herminia ba ta ga hanyar hanawa ba. Ashe birni aka kai shi aka faɗaɗa, aka sa masa launi, aka ɗaura masa katako mai ruwan zinariya, har tsohuwa ta fito da kumatun da ba ta taɓa yi ba a duniya. Casilda ta kafa tebur mai hawa-hawa a falonta, ta shimfiɗa hanyar fure mai faɗi. A ranar, yara suka shiga gidanta da sabuwar murya, suka daɗe. Herminia tana tsaye a ƙofa tana jin sunan Brígida yana tashi daga tsallaken titi. Kafin su iso wurinta sun gaji, bakinsu cike da cakulan. Addu'ar ta zama tauna, wasu ko gwiwa ba su kai ƙasa ba. Wata yarinya ta ce a bar kabewar, ruwanta zai ɓata mata alewa. Da safe Herminia ta tarar da yanka biyu a gefen kwata, kiyashi sun rufe su.

Ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki shekarar nan tana nazarin ƙanwarta kamar mai shirin jarrabawa. In Casilda ta gaishe da maƙwabta, ta ce neman suna ne. In ba ta gaishe su ba, ta ce girman kan Arewa ne. Ta lura da sabon labulenta, da yadda limamin coci yake tsayawa ya yi mata magana bayan sujada, da yadda yaran da ita ta goya iyayensu suke kiran Casilda Inna. Ta gwada sayen alewar kanti, ta ɗanɗana ɗaya, ta tofar, ta ba wa jikan maƙwabciya sauran. Da bikin ya sake matsowa barci ya ƙaurace mata, har Don Evaristo ya gaji da juyinta.

"Herminia, ki bar surukata ta huta," in ji shi. "Wanda ya mutu ai ya rabu da ciwon ƙafa. Ba za ta kasa leƙa gida biyu ba."

"Ta leƙa mana, wa ya hana ta? Ni zaman nake magana."

Ranar ɗaya ga wata, bayan azahar, unguwa ta tafi maƙabarta gyaran kaburbura kamar yadda aka saba. Herminia ta ce wa mijinta ya yi gaba, tukunya na kan wuta. Ta ga fitar motar Casilda, ta san ta tafi tasha karɓo kwalayen alewarta. Titi ya yi tsit, sai hanyoyin fure a ƙofa-ƙofa, ta Casilda ta fi kowacce kauri. Herminia ta ɗauko tsintsiya da bokiti daga bayan ƙofa. Ta san abin da kowane ɗan garin ya sani, cewa a kwanakin nan ba a taɓa tsintsiya, don kada a share baƙin da suka zo daga lahira. Ita da kanta ta sha dukan hannun 'ya'yanta a kan haka. Ta tsallaka titi, ta yi alamar gicciye a goshi, ta share hanyar ƙanwarta tas, tun daga bakin kwalta har dokin ƙofa, ta kwashe a bokiti.

Sai da ta miƙe da bokitin ta gane ba ta shirya inda za ta kai shi ba. Ta nufi juji, ta tsaya. Ta dubi kwata, ta ja da baya. In tsohuwa ta yi sammako fa, ta riga ta ɗora ƙafa a kan furen? Wa zai zuba uwarsa a kwata? Ta yi tsaye a tsakiyar titi, ba ta ga wurin da ya dace da abin da ke hannunta ba sai guda ɗaya. Ta juye shi a kan tata hanyar, ta baje da tafin hannu, ta shige gida da sauri. A cikin gaggawar ba ta kula da cewa Casilda takan gauraya nata furen da wani ja mai laushi kamar zankon zakara ba, wanda take sayowa daga birni, kuma babu mai irinsa a duk unguwar.

Casilda ta dawo ana dab da buga ƙararrawa, ta shiga da mota ta ƙofar baya, ta jera kwandunanta, ta kunna kyandirori, ta zauna a falo tana jira. Ta ji 'yar ƙararrawar yara ta matso, ta ɗan tsaya a ƙofarta, ta wuce. Wata ƙungiyar ma haka.

Gidan Herminia kuwa ya koma kamar da. Yara suka shigo da yunwarsu da muryarsu, suka durƙusa har cikin zaure, hayaƙin turaren ƙaro ya cika falo, sunan Brígida ya tashi har kwanon rufi yana amsawa. Ba wanda ya ƙi kabewa, tunda ba a ga wani abu ba tukuna. Herminia tana zubawa tana sa albarka, fuskarta ta saki a karon farko cikin shekara. Sai dai duk sanda ta waiga wajen hoton, sai ta ga kamar idon tsohuwa ƙofa yake kallo.

Tana cikin rabon ne ta ji zaure ya yi shiru. Casilda ce tsaye a kan hanyar furen, mayafi a kafaɗa, kanta a sunkuye tana duban abin da ke ƙarƙashin takalminta. Hasken kyandirorin yara ya haska ja-jan da ke warwatse cikin ruwan ɗorawa. Don Evaristo, da ke zaune a benci bakin ƙofa, ya yi gyaran murya ya kau da kai.

"Yaya, sannu da aiki," in ji Casilda. "Ashe furena ya iya tsallaka titi."

"Iska ce," in ji Herminia, ba ta ajiye ludayi ba.

"Ƙwarai kuwa," in ji Don Evaristo. "Ni ma na ga inda iskar ta jingine tsintsiyarta."

Iyayen da suka rako yara suka fara kallon juna. Herminia ta shirya wa faɗa, har ta tanadi abin da za ta ce game da masu tuna uwa sai ta zama hoto. Amma Casilda ba ta ɗaga murya ba. Ta matso kusa yadda yara ba za su ji ba, ta ce ita ba ta zo gasa ba. Herminia ta sami uwarsu da rai, ta ji ɗuminta, ita kuwa wannan rana ɗaya ce kaɗai ta rage mata.

"Na same ta," in ji Herminia. "Ni ce na wanke ta, ni ce na ɗauke ta. Ke take kira."

Casilda ta juya ta fita. Jim kaɗan sai ga ta ta dawo rungume da babban hoton, Don Evaristo na biye da ita da kwanduna biyu, ko kunya babu. Ta ce tunda nan aka jawo tsohuwa, nan za ta zauna da ita, sai in Yaya za ta kore ta a gaban mutane.

Ba a korar baƙo a ranar matattu. Herminia ta matsar da farantin burodi, ta ba hoton wuri a hawa na ƙasa, ƙarƙashin nata ƙaramin. Ƙungiyoyin da suka rage suka shigo, suka yi addu'a cikakkiya a falonta, ƙarƙashin rufinta, kamar yadda ta yi shekara tana fata. Da suka tashi kuwa sai suka yi dafifi wajen kwandunan Casilda, suka juya wa tukunyar tagulla baya. Herminia ta zauna da ludayi a hannu tana kallon ƙeyoyinsu. Ba ta da sauran shakka cewa uwarta tana cikin ɗakin nan a wannan yamma kuma ba za ta tashi ba, ta kuma san Casilda ce ta zaunar da ita.

Tun daga shekarar tebur ɗaya ake yi wa Doña Brígida, a gidan Herminia, fure kala biyu a ƙofa. Maƙwabta suna cewa 'yan'uwa sun shirya, ita kuwa ba ta taɓa cewa haka ba. Ƙafafunta sun fara nauyi, ta bar zaman kasuwa, amma tsarin ranar a hannunta yake. Casilda da kwandunanta can ƙuryar falo ake ajiye su, bayan tebur. Herminia takan sa kujerarta da tukunyarta a cikin zaure, inda hanya ta fi matsi, ta miƙe ƙafa ɗaya ta tare sauran. Duk yaron da yake son cakulan sai ya karɓi kabewa tukuna, ya ci a gabanta, tana kallon bakinsa har ya haɗiye.