Gadon Da Girdhari Ya Ƙi Karɓa

A ƙauyenmu in mutum ya mutu, gadon kwanansa da bargonsa da kwanonsa na Baba Girdhari ne. Sana'ar gidansu ke nan tun kakanni: su karɓi sadakar mamaci, zunubinsa ya bi kayan ya koma kansu, shi kuma mamacin ya wuce lahira sakayau. Saboda haka ba mai son yin ido biyu da tsohon da safe, ko tabarma ba a shimfiɗa masa.

Sai ga wata ƙungiya ta zo da kuɗi, wai kowane rai zai riƙa samun 'yan rupi, kuɗin ƙasarmu, duk wata, har mai taraktan garin, har jariri. Kanmu ya ɗaure. Lada ne? Ba mu yi aiki ba. Bashi ne? An ce ba a biya. To sadaka ce ke nan, kuma zunubin wa za mu kwasa? Innata ta ƙi taɓa nata sai da bakin zane.

Girdhari ya tare yarinyar ƙungiyar da ke rabon kuɗin.

"'Yata, wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu, Baba. Haƙƙinka ne."

"Haƙƙin me? Me na yi?"

"Kana raye, shi ke nan."

"Oho! Yau kuma masu rai ake biya?"

Ya karɓa yana jujjuya takardar kuɗin. Da nasa da na matarsa suka ishe su sayen garin alkama da wake. Muka ga ya sayi sabon bargo a kasuwa, na farko a rayuwarsa da ba a mutu a cikinsa ba. Na yi masa murna har zuciyata.

Da damina mahaifina ya rasu. Bayan kwanakin makoki na ɗora gadonsa a ka, na nufi ƙofar Girdhari.

"Baba, ga kayan mahaifina."

"Koma da su, ɗana. Na daina."

"Ka daina? To wa zai ɗauke masa nauyinsa?"

"Ni ma ban sani ba. Na dai ƙoshi."

Na yi magiya, na ɗaga murya, na ce zan haɗa da saniya. Ya ja ƙyaurensa a hankali. Haushi ya kama ni, amma na rasa laifin da zan ɗora masa.

Gadon na nan jingine a tsakar gidanmu. Inna ta hana a kwanta a kai, ta hana a ƙone, kullum da safe sai ta tambaye ni ko mijinta ya samu wucewa.