Takardun Da Suka Sha Guga

Duk layin babu wanda ya san shi da wani suna sai Mai Guga. Shagonsa ɗakin gaban gidansa ne, mai ƙofa biyu, ɗaya tana kallon titi, ɗaya tana shiga cikin gida. Akwai dogon tebur da aka lulluɓe da tsohon bargo da farin ƙyalle, da dutsen guga biyu, na lantarki da na gawayi saboda ranar da wuta ta yi halinta. Shekara talatin da ɗaya yana tsaye a gaban teburin nan. Mutum ne da ba ya iya ganin abu a yamutse ya wuce. Ko tsohuwar jaridar da aka ƙunso masa sabulu a ciki, sai ya shimfiɗa ta ya lallashe ta da tafin hannu kafin ya jefar.

Abin da mutanen layin ba su sani ba shi ne, bawan Allahn nan yana tsara waƙa. Suna dai ganin bakinsa yana motsi in yana aiki, wasu su ce addu'a yake yi, wasu su ce tsufa ne ya zo da wuri. Alhali baiti yake juyawa. Dutse ya tafi, ɗango ya tafi. Dutse ya dawo, ya sauya kalma. Waƙa ɗaya takan yi wata shida a bakinsa. Sai ranar da ta zauna daram zai wanke hannu, ya ɗauko littafinsa mai baƙin bango, ya rubuta ta sau ɗaya tak, ba gogewa ba sokewa.

Matarsa kuwa wurin zamanta bakin ƙofar ciki ne, a kan 'yar kujera, tana ninke kaya tana ɗinke maɓallan da suka tsinke. In ya fara, sai ta ce, “To, an kunna rediyon gunguni.” Shi kuma ya ce, “Ke dai yi ninkinki, wannan ba fanninki ba ne.” Haka suke tun suna da baƙin gashi.

A ƙarshen igiyar rataye kaya akwai wata farar riga a cikin leda, wadda ba ta kwastoma ba ce. Ta ƙanensa ce. Shekara uku da suka wuce ya kawo ta a goge masa, bai dawo karɓa ba, mota ta yi ajalinsa a hanya. A kan rigar nan Mai Guga ya yi waƙar da ta fi kowacce cin ransa. Da ya gama ta, sai wani buri ya kama shi wanda bai taɓa kama shi ba: yana so ya ga waƙar a buge a mujallar adabin nan da yake saye duk wata uku. Ba don kansa kawai ba. Yana so a ce akwai wani wuri, ban da ledar nan, da ƙanen ya rage.

Ya kwafe ta da rubutunsa mai kama da na ɗab'i, ya sa a ambulan, ya aika. Bayan sati biyar ta dawo, da wata 'yar takarda a maƙale. Wai mujallar ba ta karɓar waƙa yanzu sai an haɗo da takardun farko, masu goge-goge da soke-soke, don a tabbatar mutum ne ya yi ta ba na'ura ba.

'Yarsa, wadda ke aiki a shagon sayar da wayoyi, ita ta yi masa bayani. “Baba, ƙirƙirarriyar basira ake ce mata. Ka ce mata ta yi maka waƙar riga, kafin ka ajiye dutse ta yi maka goma. Mutane sai su kwafe da hannu su tura da sunansu. Shi ya sa suka daina yarda da kowa.” Ta gwada masa a wayarta. Ya karanta abin da ya fito. Wallahi ba laifi, amsa-amon ya zauna. Wannan ya fi komai ɓata masa rai.

“Wato ni ɓarawo ne ke nan,” in ji shi, “tunda ba na ƙazanta.”

Kwana uku yana guga bakinsa a rufe. Shagon ya yi tsit har matar ta riƙa leƙowa. A rana ta huɗu da hantsi ya yanke shawara: tunda ƙazanta suke so, zai yi musu ƙazanta. Ya sayo takardu, ya zauna yana rubuta waƙarsa da kurakuran ƙarya. Inda ya ce “fara” sai ya rubuta “shuɗiya” ya soke. Amma ka ji mutum! Da rula yake sokewa, layi miƙaƙƙe kamar karin wando. Ya gama shafi shida, ya runtse ido ya cukuikuye su a hannu don su yi kama da tsofaffi. Ya ajiye su a tebur. Ya kalle su, ya kau da kai, ya sake kallo. Ina! Zuciyarsa ba ta ɗauka ba. Ya shimfiɗa ƙyalle a kansu ya bi su da dutse ɗaya bayan ɗaya.

Matar tana kallon duk abin nan daga kujerarta. Ta ce, “Malam, ƙaryar ma sai an yi mata guga?” Ya yi kamar bai ji ba.

Washegari ya ce da ƙafarsa zai kai. Ta ce za ta bi shi, wai tana da maɓallan da za ta saya a can wajen. Ofishin mujallar ɗaki ɗaya ne a saman wata maɗaba'a, ƙasa na rawa saboda injinan da ke aiki a ƙarƙashi. Kwalaye cike da ambulan har bakin taga. A bayan tebur ga editar, matashiya ce mai tabarau, da jan biro a hannu, idonta duk ya faɗa don karatu. Ta ba shi kujera. Matar ta zauna a benci kusa da ƙofa da jakarta a cinya.

Editar ta duba shafi na farko, ta duba na biyu, ta kai takardar kusa da hanci. “Baba,” ta ce a hankali, “wannan takardar guga aka yi mata?”

Kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa. Bai iya ƙarya da baki ba, don haka ya faɗi gaskiya duka: shi a ka yake tsarawa, bai taɓa mallakar takardar farko ba, waɗannan jiya ya ƙirƙire su.

Ba ta yi dariya ba, ko da yake ta so. Ta cire tabarau ta murza ido. “Baba, ka yi haƙuri. Da, waƙa arba'in muke samu a wata, yanzu ta haura dubu. A fitowar da ta wuce na buga uku da na rantse na mutane ne, ashe ba haka ba. Masu karatu suka yi mini ca. Waƙarka ta taɓa ni, amma waɗancan ma sun taɓa ni. Ko za ka iya gaya mini yadda ta fara, kafin ta zama haka?”

Shi in ya jefar da ɗango ya jefar ke nan, kamar ruwan wanki. Ya fara tattara takardunsa.

“Ba da ‘farar riga’ ta fara ba,” in ji wata murya daga bakin ƙofa.

Suka juya. Matar ce, tana kallon jakarta. “Da farko cewa yake, ‘Rigarka na nan, ɗan'uwana.’ Lokacin da fankar shago ta lalace ke nan. Ya yi sati biyu a haka. Da damina ta sauka, yana gugar kayan 'yan makaranta, ya mayar da shi ‘Rigarka na nan ba ta motsa ba.’ Wannan bai kwana uku ba ya watsar, kuma gara da ya watsar. Sai daga baya ya samo na yanzu.” Ta gyara murya ta karanto:

“Farar rigarka na nan a rataye,
Kwala da hannu duk suna tsaye,
Ƙura ba ta taɓa ta ba, na kiyaye.”

Mai Guga ya saki baki. “Ba ‘ba ta motsa ba’ na ce ba. ‘Ba ta gusa ba’ na ce.”

“Motsa ka ce. Gusa ta zo ranar da ka ƙona hannun rigar direban nan.”

“Kai! Haka ne kuwa.”

Editar ta jawo takarda, jan bironta na gudu. Matar ta bi waƙar baiti baiti, tana faɗin abin da aka cire da abin da aka sa, da irin kayan da ke kan tebur a ranar. Suka yi gardama sau huɗu, ta ci uku. Shi dai kallonta kawai yake yi, kamar yau aka kawo ta gidan.

Da ta zo baiti na ƙarshe sai ta tsaya. “Akwai ɗango ɗaya da ya fi kowanne daɗewa a bakinsa. Wata biyu yana faɗinsa, sannan ya cire.”

“Amsa-amonsa bai zauna ba,” in ji shi da sauri.

“Ba amsa-amo ba ne, Malam.” Ta dube shi, ya sunkuyar da kai, bai hana ta ba. Ta ce:

“Ka ce, ‘Yaya, yau nake so,’ na ce ka dawo gobe.”

Abin da ya faru ke nan ranar da aka kawo rigar. Kayan mutane sun yi masa yawa, ƙanen ya tsaya da rigarsa a hannu, shi kuma ko ɗagowa bai yi ba. Bai taɓa gaya wa kowa ba. Ashe ya gaya wa mutum ɗaya sau ɗari ba tare da ya sani ba. Hawaye ya zubo masa, bai kuma ɓoye ba.

Editar ta ajiye biro. “Baba, zan buga ta ko da ɗangon ko babu. Waƙarka ce, kai za ka zaɓa.”

Ya daɗe yana lallashe gwiwar wandonsa da tafin hannu. “A mayar da shi,” ya ce. “A ƙarshe. A bar shi da rashin zamansa.”

Bayan wata biyu mujallar ta fito. Waƙar na shafin dama, a hagu kuma ga ɗangogin da aka watsar, an rubuta a sama cewa daga bakin matarsa aka ɗauko su. A shafin ƙa'idoji editar ta ƙara layi ɗaya: wanda ba shi da takardun farko, ya zo da wanda ya ji shi yana yi.

Mai kawo wasiƙu ya ninka mujallar biyu kafin ya tura ta ƙarƙashin ƙofa, ninkin ya ratsa tsakiyar waƙar. 'Yar ta ɗauko ta tana dariya. “Baba, in jona dutse?” Ya karɓa ya karanta a tsaye, tun daga sama har ɗangon ƙarshe. Ya zura ta cikin ledar farar rigar yadda take, da ninkinta.

Sannan ya koma tebur ya ɗauki dutse. Can bakinsa ya fara motsi, amma yau ya ɗan ɗaga murya, ya kuma karkata wajen ƙofar ciki. Ya kai ƙarshen ɗangon ya tsaya, yana jira.

Matar ta cije zare, ba ta ko ɗago ba. “Na jiya ya fi,” in ji ta.