Tatsuniyar Carki da Ƙafar Yaya Sale

Har yau idan na ji taron maza sun haɗa baki suna yabon mutum ɗaya, sai raina ya ɓaci. Maigidana ya ce baƙin hali ne. Na ce ya kira shi abin da ya ga dama, ai shi bai tashi a gidanmu na Bungudu ba.

Gidanmu gidan mahauta ne, kaka da kakanni. Babanmu ya fi zama a hanyar kudu da shanu, saboda haka ragamar gidan tana hannun mahaifiyarsa, Inna Kulu. Idan aka yi sallar isha'i aka kwashe kwanonin tuwo, sai ta ja tabarmarta kusa da murhu, ta tura gyaɗa cikin toka mai zafi, mu jikoki mu kewaye ta. Tana da wani karan dawa da take tona wuta da shi, da shi kuma take zungurin duk wanda ya fara gyangyaɗi. Ba tsohuwa ce mai lallashi ba. Tatsuniyoyinta ba sa ƙarewa da biki ko sarauta, kuma idan ka yi tambayar wauta a tsakiya, rabonka na gyaɗa ya tafi ke nan. Duk da haka babu wanda yake yarda a fara ba shi.

Babban wanmu shi ne Yaya Sale. Gajere ne kakkaura, tun yana yaro yake saɓa cinyar sa daga kwata zuwa kasuwa. Da ya shiga ƙwallo sai ya shiga da wannan ƙarfin. Shi ba ya yanka, ba ya kwana-kwana. Idan ƙwallo ta zo ƙafarsa sai ya sunkuyar da kai ya miƙe, wanda ya tare shi ya ji a jikinsa. Samarin gari suka sa masa suna Tirela.

A wata kaka aka yi gasar garuruwa, ƙungiyar garinmu ta je Tsafe ta ciwo wasan kusa da na ƙarshe. Da la'asar sakaliya muka ji ihu ya doso unguwa. Samarin gari suka cika zaurenmu har waje, gumi da murya a dushe, Mamman Dogo a gaba. Shi ne uban 'yan goyon baya, mutumin da bai taɓa buga ko lemo da ƙafa ba, amma bakinsa ya fi na kowa sanin wasa.

"Inna, da kin gani!" in ji shi. "Tun tsakiyar hili yad ɗauko ta! Mutum ukku sunka rataye mai, yat tahi da su awa buhun ƙaiƙayi! Tirela ba birki! Wallahi yau Tsahe ba mai cin tuwo!"

Saura suka ɗauka, kowa da irin abin da ya gani, kowa na ƙara gishiri. Inna Kulu ta bar su suka gaji, sannan ta nuna da karanta.

"To na jiya. Ƙahwar hwa? Cikinku wa yag ga ƙahwar?"

Sai a lokacin aka duba. Yaya Sale yana jingine da bango yana murmushin dole, idon sawunsa na dama ya kumbura ya kusa fasa safa. An taka shi ne gab da tashi, kuma duk cikin motar nan da suka cika da waƙa babu wanda ya tambaye shi lafiya.

Washegari mai ɗori ya zo. Ya shafa, ya ja, Yaya Sale ya ciji filo, aka jera kara aka ɗaure. Ya ce ƙashin ya tsage amma bai rabu ba, zai kama sumul in dai ba a taka ba, kuma kada kowa ya kwance ɗaurin sai shi da hannunsa. Wasan ƙarshe kuwa Asabar mai zuwa ne, a Gusau.

Makon nan zaurenmu bai huta ba. Su Mamman Dogo suna zuwa da sunan dubiya, amma ba ciwo suke dubawa ba. Su zauna su sake ba shi labarin gudun da ya yi a Tsafe, kamar ba shi ya yi ba. Su ce 'yan Gusau suna cewa Tirela ta yi faci. Ina kai masa ruwa ina ganin yadda fuskarsa take sauyawa, yana kallon ɗaurin nan kamar shi ne abokin gabansa.

Ana jibi wasa, Inna Kulu ta sa aka shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin da Yaya Sale yake kwance, ba a wurin da muka saba ba. Aka ɗebo garwashi a kasko. Ranar ko gyaɗa ba ta sa ba.

"Ga ta nan," ta ce, "ko kuna so ko ba ku so."

Muka amsa a tsorace cewa ta zo mu ji ta.

Wai an yi wani bajimin sa, ƙaho kamar reshen gawo, duk garkunan yankin babu mai karo da shi. Wata rana ya samu rauni a tozo. Akwai carki, tsuntsayen nan masu jan baki da ke hawa bayan shanu, su kuwa babu abin da suke so irin gyambo, nan suke ci nan suke sha. Makiyayi ya wanke raunin, ya sa magani, ya ɗaure san a inuwa. Ciwo ya fara bushewa, carki suka ga abinci zai yanke. Sai suka taru a kan turke suka fara yi masa kirari: na gaban garke, mai tafiya ƙasa na amsawa, wanda ba a ɗaurewa da igiya. Suka ce ai san tsallaken gulbi yana can yana cewa bajimi ya zama tunkiya. Sa ya kaɗa kunne. Suka ƙara. Ya tono ƙasa da kofato. Suka ƙara.

Nan ta yanke tatsuniyar, ta ci gaba da tona garwashi. Muka jira, muka jira. Na kasa haƙuri na ce, "Inna, sai me ya faru?"

"Ban sani ba," ta ce, da ƙarfi, ta juya wajen ƙofar ɗakin. "Sauran na hannun sa. Shi ka hwaɗa muna."

Daga ciki babu motsi, amma na san idonsa biyu.

Abin da ban sani ba a lokacin, sai daga baya mahaifiyarmu ta gaya mini, shi ne yadda Inna Kulu ta zama gwauruwa. Kakanmu, Bawa Gatari, ɗan dambe ne. Kowane ɗan dambe yana da takensa, wato kiɗan da makaɗa ke yi masa shi kaɗai da kalangu, kuma abin kunya ne a kaɗa taken mutum ya zauna. Yana kwance da zazzaɓi aka zo ƙofar gida aka kaɗa masa. Ya tashi ya naɗe hannu ya fita. A kan ƙyaure aka dawo da shi, bai ga damina ba. Tun daga ranar ba a sake kaɗa wannan take a unguwarmu ba, kowa ya san dalili.

Kowa ya sani, har da Mamman Dogo. Wannan shi ne abin da har gobe ba zan yafe ba.

Ranar Asabar da hantsi suka zo da mota. Inna Kulu ta riga su. Ta zauna a ƙofar zaure ta ciki, ta miƙe ƙafafunta daga wannan dokin ƙofa zuwa wancan. Hanyar fita ke nan guda ɗaya, kuma babu ɗan halak da zai tsallake ƙafar wadda ta haifi ubansa. Suka yi magiya, ta ce su gaida gida. Suka ce benci kawai zai zauna don 'yan Gusau su gan shi su tsorata, ta ce su ɗauki hotonsa su ajiye a bencin. Muna murna a zuci, mun ɗauka an gama.

Sai muka ji kalangu. Ashe sun je har ƙauye sun ɗauko tsohon makaɗin kakanmu, mutum ya tsufa tukuf, suka tsayar da shi a bayan gidanmu. Ni ban taɓa jin kiɗan ba, amma na gane shi a fuskar Inna Kulu. Bakinta ya buɗe, karan ya faɗi daga hannunta. Ga muryar Mamman Dogo a kan kiɗan: "Jikan Gatari! Gatari bai kwanta ba, kai ka kwanta? Tashi, jinin Bawa!"

Na ruga ɗakin Yaya Sale. Yana zaune, hawaye na zuba, yana kwance ɗaurin da hannunsa. Na riƙe masa riga, ya ɓamɓare yatsuna a hankali. Bai bi ta zaure ba. Ya dogara bango ya yi tsalle da ƙafa ɗaya har turken awaki, inda katangarmu ta fi gajarta, hannuwa suka miƙo daga waje suka ɗauke shi. Inna Kulu tana can tana tsaron ƙofa, jikanta ya riga ya kai bakin titi.

An ce a hanya suka tsaya wani kemis aka yi masa allurar kashe zafi. An ce ranar ya yi wasan da ba a taɓa gani ba, shi ya ci ƙwallon da ta kawo kofi, da mutum biyu rataye a jikinsa. Na ji wannan labari daga bakin mutane da yawa, kowannensu ido na ƙyalli. Ni abin da na gani daban ne. Bayan magariba suka sauke shi a ƙofar zaure da ham na mota da waƙa, suka wuce da kofinsu zagayen gari. Takalmin ya ƙi fita, sai da aka yanka shi da wuƙar fawar babanmu. Abin da ya fito daga ciki bai yi kama da ƙafa ba.

Gida ya cika da kuka, amma Inna Kulu ba ta yi ba. Da aka yi isha'i ta kira mu ɗaya bayan ɗaya da sunayenmu.

"Ku taho ku amshi sauran tatsuniyarku."

Wai sa ya tsinke igiya, ya haye gulbi, ya yi karo, ya kayar da abokin karonsa. Raunin ya yage har wuya. Carki suka hau bayansa suna waƙa suna ci, suna ci suna waƙa, har gida. Da ya durƙusa ya kasa tashi, sai suka dubi juna, suka tashi fir, suka sauka a bayan wani ɗan maraƙi da ya fara ƙaho.

"Ƙurunƙus," ta ce. "Kan kusun ma yau ban ba kowa. Ku tashi ku ba ni wuri."

Mai ɗori ya zo ya duba ya girgiza kai. Asibitin Gusau suka yi iya yinsu, ƙafar ta warke a karkace. 'Yan dubiya suka yi ta raguwa har suka ɗauke. Kafin wata kakar sun samo wani yaro sun sa masa suna, na ji Mamman Dogo da kunnena yana rantsuwa cewa ba a taɓa yin kamarsa ba. Yaya Sale yanzu yana da teburin tsire a bakin titin Gusau, a zaune yake aiki, da sanda yake zuwa masallaci.

Na daɗe ina ɗaukar cewa darasin tatsuniyar shi ne masu yabo maƙaryata ne. Da na girma na ga ba haka ba ne, kuma gaskiyar ta fi ciwo. Ba ƙarya suka yi ba, Yaya Sale ya yi gudun, kuma a ranar da gaske suke son sa. Carki ba ya ƙin sa. Yunwarsa kawai yake ji, bai taɓa tunanin bayan da yake tsaye a kai yana jin zafi ba. Da maƙiya ne da mun san yadda za mu yi da su.

Yanzu ina aure a Tudun Wada, a Gusau, kuma Allah da ikonsa ɗana Nura ya ɗauko ƙirar kawunsa da gudunsa. Watannin baya ƙungiyarsu ta doke ta Sabon Gari, ya dawo yana ɗingishi, likita ya naɗe ƙafar ya ce a huta. Kafin dare bidiyon gudunsa ya zagaye wayoyin unguwa. Yanzu ba a bukatar kalangu, taken yana cikin aljihun kowa. Ina jin wayarsa na ƙara, ina ganin fuskarsa na sauyawa, irin sauyin da na sani. Na kira Yaya Sale na gaya masa. Yana gama ji ya kashe wayar.

Ranar wasa na gaba, da sassafe, ɗan acaɓa ya sauke shi a ƙofar gidana. Ya ƙi shiga ciki, ya ƙi shayi. Ya zauna a bakin ƙofa, ya ajiye sanda, ya naɗe ƙafar wando har gwiwa, ya miƙe ƙafar nan a kan hanya. Da samarin suka iso da baburansu suna kiran sunan Nura, sai suka yi cirko-cirko.

"Ku matso ku gani da kyau," ya ce. "Ni ma an yi min waƙa, ta hi taku daɗi. Ga hanya nan. Wanda ka son Nura shi tsallake wagga."

Ni ban ga fuskokinsu ba, labari aka ba ni. Ina can gindin katangar baya a zaune, da taɓarya a kan cinyata.

An ci su a wasan. Samarin unguwa sun daina gaishe ni, Nura ma ya yi kwanaki ba ya yi mini magana. Sai ya zo ya wuce ni fuu a tsakar gida, yana buga ƙasa don in san fushi yake. Ni kuwa ko fuskarsa ba na kallo. Ƙafafun nake kallo, duka biyun, yadda suke sauka daidai.