Ranar da Uwar Yamma Ta Je Bita da Yaranta

Yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, amma idan ka shiga makarantar nan ka ambaci sunanta na yanka ba wanda zai gane wa kake nufi. Uwar Yamma suke ce mata. Ita ce take riƙe yaran da iyayensu ba sa tashi daga aiki da wuri. Da an kaɗa ƙararrawar tashi, malamai sun ɗauki jakunkunansu, sai ta buɗe ɗakin ƙarshe, wanda yake kusa da famfo, ta tara su. Ta sa su yi aikin gida, ta raba faɗa, ta wanke wanda ya ɓata wando, ta goya wanda barci ya kwashe. Ni tela ce, shagona yana kallon ƙofar makarantar, saboda haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba, gani na yi. Kuma in faɗa muku tun yanzu, ni ba mai haƙuri ba ce. Haƙurin gidanmu duka ita ta kwashe, aka bar ni da baki.

Tun tana budurwa ta fara aikin, har furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwalinta. Wasu daga cikin waɗanda ta goya sun girma sun kawo mata nasu 'ya'yan.

A makarantar akwai abin da ake ce wa bita. Duk zango hukumar ilimi takan tara malamai a wani babban zaure can bayan kasuwa, a koya musu sababbin dabarun koyarwa, a ƙarshe a ba kowa takardar shaida da jaka mai tambari. Hedimasta ne yake zaɓen mai zuwa. Shi kansa ya je har ya gaji, mataimakinsa ya je, malamin lissafi ya je, kai har mai kula da sito, mutumin da bai taɓa riƙe alli ba, sai da ya je ya dawo yana rataye da jaka. Duk wanda ya tafi kuwa, wa ake bar wa ajinsa? Yaya. Ta wuni a ajin wani, da yamma ta koma nata.

Ba wai ba ta nema ba ne. Duk zango sai ta je ofis ta rusuna ta ce, "Ranka ya daɗe, ko wannan karon za a sa ni?"

Shi kuma ya yi murmushin nan nasa na gefen baki. "Haba Uwar Yamma! Idan kika tafi wa zai riƙe mana yaran? Ki bari sai na gaba."

Abin da ya fi ƙona min rai, ita da gaske take son karatun. Idan suka dawo sai ta tsare su a bakin famfo tana tambayar me aka koyar. Mai sito ya taɓa ce mata shi dai ya san an ba su abinci mai kyau, kuma kujerun zauren suna da laushi. Ta dawo gida tana ba ni labari tana dariya. Ni ban ga abin dariya ba, ranar sai da na karya allura biyu.

Sai hukuma ta fito da sabuwar doka: daga zango mai zuwa, ba wanda zai riƙe yara bayan an tashi sai yana da shaidar bita ta masu ajin yamma. Kowace makaranta gurbi ɗaya aka ba ta. Wato idan Yaya ba ta samu gurbin nan ba, ta rabu da ɗakinta ke nan. Wannan karon Hedimasta da bakinsa ya ce mata, "Naki ne, ki shirya." Na ajiye ɗinkin mutane na yi mata doguwar riga shuɗiya, har da aljihun sa biro.

Ranar da za a fara ta shiga makaranta da rigar, tana ƙamshin sabon yadi. Ba ta daɗe ba sai na ga Hedimasta ya fito a kan babur, ya ɗauko wata yarinya a baya. 'Yar ƙanwarsa ce, wadda a gidansu suke ce wa 'Yar Lele, ta gama makaranta tana zaune ba aiki. Ita ya rubuta a matsayin mai ajin yamma. Shi kuma an gayyaci shugabannin makarantu su zauna da malamansu, to ga shi ya tafi da malamarsa.

Da aka fita hutun tara Yaya ta tsallako shagona ta zauna a kan benci. Na zaci kuka za ta yi, har na fara naɗe hannun riga ina cewa bari in je in jira shi a ƙofa. Ta ce, "Zauna. Kina da ragowar ƙyallaye?"

"Cike da buhu. Me za ki yi da su?"

"Ki haɗa min igiya doguwa mai ƙarfi, ki yi mata madauki hagu da dama, yadda hannun yaro zai shiga. Ina so kafin ranar rufe bitar."

Na kalle ta, na gane. Na ce, "Yaya, korarki za su yi fa."

Ta ce, "An riga an kore ni, Auta, faɗa min ne kawai ba a yi ba. Amma wallahi ba zan fita ta ƙofar baya ba."

Rabon da in ji daɗin ɗinki irin na igiyar nan har na manta. Layi uku na bi ta da keke don kada ta tsinke.

Ranar rufewa, da aka tashi, ta wanke wa kowane yaro fuska, ta ɗaura wa masu takalmi igiyarsu, ta sa kowa ya zura hannu a madauki. Ita a gaba da shuɗiyar rigarta, ni a baya na goya ƙaramin cikinsu. Muka bi gefen titi, muka wuce masu faci da masu sayar da katako, mutane suna fitowa daga shaguna suna kallonmu. A mararraba wani direban babbar mota ya tsaya ya tare mana hanya har muka tsallaka. Ko sau ɗaya ba ta waiwayo ta yi min magana ba, idonta yana kan yaran.

To, a bita akwai wata al'ada da ban sani ba sai ranar. Da yake ba yara a zauren, manya ake sa wa su zama yaran, ɗaya ya zama malami ya gwada abin da aka koya masa. Kuma ranar rufewa manyan hukuma suna zaune a gaba suna kallo. Muna tura ƙofa, me za mu gani? 'Yar Lele a tsaye tana tafi tana waƙa, ga Hedimasta a tsugune a kan tabarma, an kifa masa hular takarda, hannuwa a ƙasa, yana tsallen kwaɗo da tumbinsa.

Wata 'yar ƙaramar yarinya ta nuna shi da yatsa ta ƙwala ihu, "La! Hedimasta ya zama kwaɗo!"

Shi ke nan, suka saki igiya suka bazu a zauren, kowa ya tsuguna yana tsalle a bayansa yana kukan kwaɗo. Shi kuwa ya daskare a tsugune, ya kasa tashi ya kasa ci gaba. Allah Ya yafe min, dariya na yi har yaron da ke bayana ya farka.

Mai ba da horon, wata mata mai tabarau, ta taso ta ce wa Yaya, "Baiwar Allah, lafiya?"

"Lafiya lau, ranki ya daɗe. Ni ce mai ajin yamma a makarantar wancan bawan Allah. Shekara da shekaru ana ce min ba zan zo bita ba saboda babu mai riƙe yara. Shi ne yau na zo da su."

Matar ta juya ta kalli 'Yar Lele. "Ba ke aka ce mana kina riƙe da ajin ba?"

Yarinyar ta rufe fuska da mayafi ta fashe da kuka. Ba ta san sunan ko ɗaya daga cikin yaran ba, su ma ba su san ta ba. Hedimasta ya miƙe da ƙyar, ya fizge hular daga kansa yana haki, ya ce, "Wannan matar ta kwaso 'ya'yan mutane ta hau titi da su ba da izinin kowa ba!"

Abin haushin, a nan bai yi ƙarya ba. Kafin mako ya zagayo an sallame ta. Wata uwa ta zo har shagona ta zazzaga mata masifa, ta ce da mota ta kwashe mata ɗa fa? Na miƙe zan rama, Yaya ta riƙe min zani ta ce, "Ƙyale ta, tana da gaskiya." Shi kuma Hedimasta gargaɗi kawai aka yi masa, aka soke sunan 'Yar Lele, ya ci gaba da zama a kujerarsa. Sai dai har yau idan ya tsaya zai yi jawabi a taron safe, sai an samu wani a layin baya ya yi masa kukan kwaɗo. Daga shagona nake jiyowa, kuma ba na ɓoye jin daɗina.

Matar nan mai tabarau ba ta iya hana korar ba, amma da aka zo zagaye na gaba na bitar, lokacin hutu, ta aiko ta ce Yaya ta zo ta zauna. Ta je. Na zaci za ta riƙa dawowa da murna, sai na ga kullum tana shigowa shiru. Wata rana da la'asar ta zauna tana warware min zare, ta ce, "Auta, kin tuna yaron nan mai in'ina da nake tsayarwa gaban aji ina cewa sai ya faɗa da ƙarfi? Ashe ƙara masa nake yi. Jira ake yi, a ƙyale shi ya ƙarasa da kansa. Kuma yaron da ya yi fitsari a wando ba a sa 'yan'uwansa su yi masa waƙa. Ni kuwa na sa an yi wa nawa?" Ta ajiye zaren. "Abin da aka koya min a mako ɗaya ke nan. Da na san shi tun ina da ƙuruciya fa?"

Ranar da aka kore ta ba ta yi kuka ba, sai ranar nan ta yi. Daga nan ne na ga ta ƙullaci Hedimasta da gaske, har ta fi ni.

Ta karɓo takardarta ta sa a ƙasan akwati. Zango ya shigo, doka ta fara aiki, makaranta ba ta da mai shaida ko ɗaya, hukuma ta sa aka garƙame ɗakin ƙarshe da kwaɗo na ƙarfe. Iyaye suka fara cire 'ya'yansu suna kai su wata makarantar. Hedimasta ya turo mataimakinsa sau biyu, ta ce a gaishe shi. A na uku ya tako da kansa har shagona, ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hula a hannu. Ban ba shi wurin zama ba, na ci gaba da taka keke.

"Uwar Yamma, abin da ya wuce ya wuce. Ɗakinki yana jiranki. Ki duba yaran nan."

Ta ɗago ta kalle shi. "Yau ka san da yaran? Muddin kai ne a kujerar nan, ba zan sa ƙafata a makarantarka ba. Ka je ka faɗa wa hukuma dalilin da ya sa ɗakin yake rufe."

Ya ɗan tsaya, ya ga ba ƙari, ya juya. Na ce, "Yawwa Yaya, haka nake so!" Ita kuwa ta matsa bakin ƙofa. Tana leƙen titi, inda yaran da ba a zo ɗauka ba suke zaune a gindin katanga da jakunkunansu, wasu suna guje-guje a bakin kwalta.

Yanzu guga take yi min a shago, ita ce mai sa maɓalli. Amma da an kaɗa ƙararrawar tashi sai ta kashe dutsen guga ta zura takalmi, ta je ta tsaya a bakin titi, ta juya wa ƙofar makarantar baya, tana tsare yaran har a zo a ɗauki na ƙarshe. Ba mai biyanta. Kullum Hedimasta sai ya wuce ta gabanta a kan babur, ya rage gudu ya ce, "Sannu da aiki, Uwar Yamma." Ba ta taɓa amsa masa ba.